Shin makin da ake ba fina-finai a intanet abin dogaro ne?

Wani ɗan'uwa mazaunin Idi-Araba a Legas ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya ƙona data mai yawa wajen sauke wani fim na Turawa saboda ya ga an ba shi maki sama da 8 cikin 10 a shafin IMDb, amma bai kai rabinsa ba barci ya kwashe shi. Mako guda bayan haka ya kai iyalinsa sinima a Ikeja, suka kalli wani fim na Nijeriya da makinsa bai kai 6 ba, suka fito suna ta yabawa har gida. Abin da yake son sani shi ne, shin waɗannan alƙaluma ƙarya ce, ko kuwa shi ne bai iya kallon fim ba?

Ɗan'uwa, idonka lafiya lau yake, kuma alƙaluman ma ba ƙarya ba ce zalla. Abin da ya faru shi ne ka karɓi shaidar mutanen da ba ka san su ba, a kan abin da kai kaɗai za ka iya yanke wa hukunci. Na shiga sana'ar fim a Agege tun zamanin hayar kaset, na bi ta zamanin faifan CD, har zuwa wannan lokaci na tura fina-finai a waya, kuma a tsawon waɗannan shekaru babu tambayar da aka fi yi mini kamar "wanne ne mai kyau?" Da daɗewa na gane cewa ba zan iya amsa ta ba sai na san mai tambayar, na san abin da ya karɓa a baya, na kuma san da wa zai zauna ya kalla. Makin intanet yana amsa wannan tambaya ce ba tare da ya san ko ɗaya daga cikin ukun ba.

Bari mu fara da yadda ake samar da lambar, domin a nan mafi yawan ruɗanin yake. Shafin IMDb ya samo asali ne tun 1990 daga wani Bature ɗan Ingila mai suna Col Needham, kamfanin Amazon kuma ya saye shi a 1998. Duk wanda ya yi rajista yana da damar ba kowane fim maki daga 1 zuwa 10, kuma babu mai neman shaidar cewa ya kalli fim ɗin. Lambar da kake gani ba ita ce ainihin matsakaicin ƙuri'un ba, domin masu shafin sun bayyana cewa suna ba wasu ƙuri'u nauyi fiye da wasu don dakile maguɗi, amma ba sa bayyana yadda suke yin lissafin. Shafin Rotten Tomatoes kuwa, wanda aka kafa a 1998, tsarinsa daban ne ƙwarai, kuma mutane da yawa suna karanta shi a baibai. Idan ka ga an rubuta kashi 90 cikin 100, ba ana nufin fim ɗin ya ci maki 90 ba ne. Ana nufin cikin kowane masu sharhi 100 da shafin ya amince da su, 90 sun fi karkata ga yabo, ko da yabon nasu bai wuce "ba laifi" ba. Fim ɗin da ya kai kashi 60 ana sa masa alamar jan tumatir, wanda ya gaza kuma a sa masa alamar ruɓaɓɓe.

Ka duba abin da wannan tsari ke haifarwa. A ce masu sharhi 100 sun kalli wani fim, kowannensu ya ce ba yabo ba fallasa amma ya fi kusa da yabo, to wannan fim zai tashi da kashi 100. A ce kuma wani fim ɗin ya girgiza 70 daga cikinsu har suka ce ba su ga irinsa ba a shekarar, sauran 30 kuma suka ƙi shi, to zai tsaya a kashi 70. Wanda ya dubi lamba kawai zai zaɓi na farko, alhali wataƙila na biyun ne zai zauna masa a rai shekara goma. Haka matsalar take a matsakaicin maki. Fim ɗin da mutum 100 suka ba 6 kowannensu, da fim ɗin da mutum 50 suka ba 10 wasu 50 suka ba 2, dukansu za su nuna 6, amma ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan. Na farko abinci ne da kowa zai iya ci ba tare da santi ba, na biyu kuwa ya raba kan jama'a gida biyu, kuma abin da ya kamata ka nema shi ne a wane gida kake.

Sai dai tambayar da ta fi wannan girma ita ce: su wane ne suke jefa ƙuri'ar? Waɗannan shafuka da Turanci aka gina su, a Amurka da Ingila suka yi ƙarfi, kuma wanda zai buɗe asusu ya zauna yana ba fina-finai maki mutum ne na musamman, ba kowane ɗan kallo ba. Ka tambayi kanka, a cikin duk waɗanda kuke zama da su a majalisa a Idi-Araba, ko a rumfar mai shayi inda ake kunna fassarar Indiya-Hausa bayan sallar isha'i, mutum nawa ne ya taɓa shiga IMDb ya ba fim maki? A iya zamana a shago ban taɓa ganin mai gadi, ko ɗan acaɓa, ko matar aure da ta aiko yaro da waya a tura mata sabon zango, sun yi hakan ba. Su ne kuwa suka fi kowa kallo. Saboda haka idan fim ya sami maki 8, ma'anarsa ita ce ya gamsar da irin mutanen da suke shiga wannan shafi, kuma babu dalilin da zai sa abin da ya gamsar da saurayi a Landan ya gamsar da magidanci a Legas.

Ɗanɗanon Bahaushe a fim yana da tarihinsa. Tun shekarun 1950 da 1960 fina-finan Indiya suka shigo gidajen sinima na Arewa ta hannun 'yan kasuwa Kwarori, wato 'yan Lebanon, suka kuma sami karɓuwar da fina-finan Amurka ba su samu ba, domin mutanenmu sun ga abin da suka sani a ciki: auren dole, biyayyar iyaye, kunya tsakanin saurayi da budurwa, talaka da mai kuɗi, da uwa mai haƙuri. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin sun yi rubutu mai yawa a kan wannan alaƙa. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, aka buɗe ƙofar fim ɗin Hausa na bidiyo, masu shiryawa sun tarar da 'yan kallo da suka riga suka saba da fim mai tsawo, mai waƙa, mai ɗaukar lokaci wajen warware rikicin cikin gida. Abin da mai sharhi na Turai zai ɗauka a matsayin aibi, kamar a tsayar da labari a yi waƙa, ko a bar dattijo ya yi doguwar nasiha, ko a ja zancen kishiya da gado har fitowa ashirin, shi ne sau da yawa abin da mai kallonmu ya biya kuɗi dominsa. Akwai kuma daɗin harshe, wanda fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo ba ta iya ɗauka. Habaicin da uwar miji za ta yi wa suruka da karin magana ɗaya, ɗaki ya kaure da dariya, idan aka mayar da shi Turanci sai ya koma magana lami.

Ba ina cewa duk abin da muke so mai inganci ne ba. Akwai fina-finanmu da sautinsu ba ya fita, labarinsu ya yi ta zagaye wuri ɗaya, kuma ya kamata a faɗa. Abin da nake nufi shi ne ma'aunin da aka yi don wani kaya ba lallai ya auna wani daidai ba.

Akwai wani abu da na koya daga littafin haya, wanda na daɗe ina tunani a kansa. A zamanin kaset muna da babban littafi da muke rubuta sunan fim, da ranar da aka karɓa, da ranar da aka dawo da shi. Idan ana hira a bakin shago da rana, fina-finan da ake yabo da babbar murya su ne na tarihi da na faɗakarwa, kowa ya ce irinsu ya kamata a riƙa yi. Amma idan na buɗe littafin da dare, sai in ga kaset ɗin soyayya mai waƙoƙi shi ne ya fita kullum, har zarensa ya saki hoton ya fara rawa na sake sayo wani, na tarihin kuma yana kan kanta ƙura ta rufe kwalinsa. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin munafunci ba. Mutum yana da abin da yake girmamawa, yana kuma da abin da yake hutawa da shi bayan ya wuni a cunkoson Oshodi, kuma idan aka tambaye shi a gaban jama'a na farkon zai ambata. Kamfanin Netflix, mai nuna fina-finai ta intanet, ya ci karo da wannan hali a tsakanin masu kallonsa, inda ya lura cewa mutane suna ba fina-finan ilimantarwa taurari masu yawa amma na barkwanci suka fi kallo, kuma a 2017 ya soke tsarin taurari biyar ya koma alamar ɗaga babban yatsa ko kifar da shi. Wani kaso na makin da kake gani a intanet girmamawa ce, ba jin daɗi ba. Ina kyautata zaton fim ɗin da ya sa ka barci yana cikin irin waɗanda ake girmamawa.

Daga nan sai maganar maguɗi, wadda ita ce ta fi kusa da abin da ka kira ƙarya. Tun da ba a neman shaidar kallo, jama'a sukan yi gangami su durƙusar da fim saboda dalilin da bai shafi ingancinsa ba. A 2014 fim ɗin Indiya mai suna Gunday ya faɗa can ƙasan jerin IMDb, saboda dubban 'yan Bangaladash sun fusata da yadda ya kawo labarin yaƙin neman 'yancinsu na 1971, suka yi ta ba shi maki 1. A 2020, bayan rasuwar jarumi Sushant Singh Rajput, fushin da aka yi da manyan gidajen masana'antar fim ta Indiya ya sauka a kan Sadak 2, wanda Sanjay Dutt da Alia Bhatt suka fito a ciki, aka yi masa irin wannan ruwan ƙuri'u. Ko fushin nasu yana da hujja ko ba shi da ita, lambar da ta fito fushi ta auna. A 2019 ma an yi wa fim ɗin Amurka mai suna Captain Marvel taron dangi tun kafin ya fita, abin da ya zo daidai da lokacin da Rotten Tomatoes ya hana yin sharhi kafin fitar fim, daga baya kuma ya fara ware ƙuri'un waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti. Wannan gyara ne mai kyau, amma ta hanyar masu sayar da tikiti na Amurka ake tabbatarwar, don haka tikitin da ka yanka a Ikeja ba ya cikin lissafin.

Maguɗin yakan zo ta ɗaya ɓangaren ma, wato ɗaga fim sama da matsayinsa. A 2015 wani ɗan jarida mai suna Walt Hickey ya bincika shafin Fandango, mai sayar da tikitin sinima a Amurka, ya gano cewa ana ciko makin zuwa sama, ta yadda fim mai 4.1 zai bayyana da taurari huɗu da rabi. Kamfanin ya ce kuskuren na'ura ne. A 2016 kuma wannan kamfani na Fandango ya sayi Rotten Tomatoes, wato mai sayar da tikiti ya mallaki ma'aunin da ake dubawa kafin a sayi tikiti. A 2023 mujallar Vulture ta wallafa bincike cewa wani kamfanin talla yana biyan ƙananan masu sharhi kuɗi don su rubuta yabon da zai ɗaga makin fina-finan da yake tallatawa. Ban kawo waɗannan don in ce komai na bogi ne ba, sai don ka san cewa inda kuɗi yake, akwai mai son taɓa sikeli.

A fina-finanmu na gida kuwa, matsalar ta fi sauƙin ganewa: ƙarancin ƙuri'u. Da yawan fina-finan Hausa ba su da shafi a IMDb sam, waɗanda suke da shi kuma za ka tarar mutanen da suka ba su maki ba su taka kara sun karya ba. Idan mutum 12 ne kacal suka jefa ƙuri'a, to darakta da 'yan'uwansa da abokansa sun isa su kai fim 9, haka kuma abokan hamayya biyar sun isa su jawo shi ƙasa. Shi kansa IMDb ya san da haka, shi ya sa ba ya saka fim a jerin fitattunsa 250 sai ya sami ƙuri'a aƙalla 25,000. Ka ɗauki wannan a matsayin ishara. Makin da aka gina a kan ƙuri'a ashirin ko hamsin ba ya gaya maka komai, ko ya yi sama ko ya yi ƙasa.

Mutanenmu da yawa sun koma auna fim da yawan waɗanda suka kalla a YouTube, tun da can ne fina-finai masu dogon zango suka koma. Wannan lamba tana nuna yawan buɗewa ne, kuma wanda ya buɗe ya kalli ɗan kaɗan ya rufe cikin takaici yana iya shiga lissafi tare da wanda ya kalla har ƙarshe. Tun watan Nuwamba na 2021 YouTube ya ɓoye adadin waɗanda suka danna alamar ƙi, saboda haka yabo kawai kake gani. Ga kuma masu ɗora tsohon fim su canza masa suna, su manna hoton jarumin da bai fito a ciki ba, su rubuta "sabon fim". A ƙarƙashin bidiyon kuma masoyan jarumi ne suka fi yawa, kuma an san so hana ganin laifi ne. Kuɗin da fim ya tara a sinima ya fi wannan ƙarfi a matsayin shaida, domin mutum ya cire kuɗi daga aljihunsa. Lokacin da A Tribe Called Judah na Funke Akindele ya zama fim ɗin Nijeriya na farko da ya haura naira biliyan 1 a sinima a farkon 2024, babu shakka ya taɓa zukatan masu zuwa sinima. Amma gidajen sinima na zamani a manyan birane suke, kuɗin shiga kuma ya fi ƙarfin mutane da yawa, don haka shi ma wannan ma'auni ɗanɗanon wani rukuni yake nunawa.

To yaya za ka yi amfani da makin? Hanjin jimina ne, akwai na ci akwai na zubarwa. Kafin ka dubi lambar, ka dubi yawan ƙuri'un da ke gefenta. Idan sun kai dubbai masu yawa, ka shiga inda ake nuna yadda suka rarrabu daga 1 zuwa 10. Idan ka ga sun taru a tsakiya zuwa sama kamar tudu, to ra'ayin jama'a ne na gaske. Idan kuwa ka ga dogayen ginshiƙai biyu, ɗaya a 1 ɗaya a 10, tsakiya fayau, to rigima ake yi a kan fim ɗin, kuma lambar ba ta da amfani a gare ka. Ka kuma lura da lokaci, domin a makon farko masoya ne suke rige-rigen kallo, makin yakan yi sama, sannan ya sauko bayan sauran jama'a sun gani. Idan za ka karanta sharhi, ka bar masu 10 da masu 1, ka nemi waɗanda suka ba da 5 ko 6 ko 7, saboda su ne suke faɗin abin da ya yi da abin da bai yi ba. A cikin bayaninsu za ka iya ganin an ce fim ɗin yana tafiya a hankali, ko magana ta fi aiki yawa, wanda da ka gani da ba ka ɓata datarka ba. Wani lokaci ma abin da suka kushe shi ne abin da kake nema.

A ganina makin ya fi amfani wajen gargaɗi fiye da wajen zaɓe. Fim ɗin Turawa da dubban mutane suka haɗu suka ba 3 ko 4 ba tare da wata rigima ba, da wuya ya ba ka mamaki, kuma za ka iya tsallake shi da kwanciyar hankali. Amma bambancin da ke tsakanin 6.5 da 8 bai isa ya yanke maka hukunci ba, musamman idan fim ɗin na Nijeriya ne ko na Indiya.

Akwai kuma abin da lamba ba ta taɓa aunawa, wanda a gidajenmu ya fi komai muhimmanci: shin za a iya kallon fim ɗin a falo, ga yara ga mahaifiya, ko ga suruki ya kawo ziyara? Na sha ganin magidanci ya dawo shago ransa a ɓace, ba don labarin bai yi daɗi ba, sai don wata fitowa ɗaya da ta sa ya rasa inda zai sa kansa a gaban 'ya'yansa. Fim yana iya cin maki 9 yana ɗauke da tsiraici da ashar. A nan IMDb yana da wani sashe da ya fi makin amfani, wanda suke kira Parents Guide, wato jagorar iyaye, inda masu kallo suke bayyana abin da fim ya ƙunsa na tsiraici, zubar da jini, zagi, shaye-shaye da abubuwan firgita. Ga fina-finan gida kuma ka duba alamar shekarun da Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, take sakawa. Tun da ka ce kana kai iyali sinima, wannan dubawa ta minti biyu ta fi maka duk wata lamba.

Abin da na fi amincewa da shi har yau shi ne mutum ɗaya ko biyu da aka san ɗanɗanonsu. Ba lallai ne ra'ayinku ya zo ɗaya ba. Ya isa ka san inda kuka haɗu da inda kuka rabu. Ina da abokin ciniki, dattijo mai sayar da goro, wanda na san duk fim ɗin da ya ce ya yi masa tsawo ni zai yi mini daidai, wanda kuma ya ce jarumin ya cika surutu to ni ma ba zan iya ƙarasa shi ba. Shekara da shekaru ina auna sababbin fina-finai da bakinsa kafin in ba wasu shawara. Kai ma za ka iya gina irin wannan. Ka riƙa rubuta sunan fim ɗin da ka kalla a wayarka, da wanda ya ba ka shawararsa, da makin da ka gani a intanet, da makin da kai ka ba shi bayan ka gama. Ka fara da biyun nan da ka ambata, wanda ya sa ka barci da wanda kuka kalla a Ikeja, ka rubuta a gefen kowanne dalilin da ya sa ya yi maka ko bai yi maka ba. Kafin jerin ya kai fim goma sha biyar za ka ga a wane irin fim kai da IMDb kuke haɗuwa, a wane iri kuke saɓawa, da kuma wanda a cikin abokanka ya fi dacewa ka tambaya kafin ka sayi data.